Tsohon Gilashin Kawu Sidi

Abin da ya hana ni barci kafin tafiyar nan ba nisan hanya ba ne. Tsoro nake ji a tsayar da ni a wani shinge a tambaye ni da Faransanci ko ni wace ce, bakina ya ƙi buɗewa. Lakwal ɗina a aji uku ya tsaya. Sai da na sa maƙwabciyata ta koya mini amsoshi, ina daka ina maimaitawa, ina wanki ina maimaitawa: sunana, sunan ɗiyata, daga Agadas muke, asibiti za mu. Katina da takardar haihuwar yarinyar da takardar da lokotoro ya ba mu, na naɗe su cikin leda, na sa cikin wata ledar, na ɗaure a ƙuguna. A duk tafiyar ba wanda ya tambaye ni sunana. Motar aka tambaya, ita kuwa ta faɗi sunan wata.

Ɗiyata Raki shekararta huɗu a lokacin. Yana ce ta rufe mata idanu duka biyun, a hankali a hankali, fari-fari kamar an ɗiga nono cikin ruwa. Ta kai ga tana tuntuɓe da turmi a tsakar gidan da aka haife ta. Lokotoro ya ce mini akwai wasu likitocin ido baƙi da ke zuwa sau ɗaya a shekara wani asibiti a wata ƙasa ta bakin teku, suna yi wa yara aiki kyauta, amma suna tashi kafin azumi. Ya ce ido ɗaya ake fara yi, a bari ya huta, sannan a yi ɗayan, don haka mu je da wuri. Ba zan ambaci sunan ƙasar ba, don akwai mutanen kirki a cikinta.

Baban Raki yana can arewa wurin haƙar zinariya, inda sai an hau dutse ake samun rezon waya. Ya aiko mini bokal, wato saƙon murya a waya, ya ce in bi kawunsa. Kawu Sidi ƙanen uwar mijina ne, direban kamyo, babbar motar kaya, albasar lambunan Ayar yake kaiwa bakin teku. Mutum ne mai yawan magana da goro, bai taɓa yarda ya yi kuskure ba tunda na san shi, amma ya ce kujerar gaba tamu ce har mu isa.

Abu ɗaya zan faɗa game da ranar tashinmu. Gilashin gaban motar ya daɗe da tsagewa, dutse ya buge shi a hanyar Arlit, kuma Kawu ya ce jandarmomin kudu ba za su bar shi ya sha ruwa ba a kan wannan tsagar. Muka biya gareji wurin Malam Garba mai gilas. A garinmu in mota ta mutu ba a binne ta. Ƙofarta ta zama ƙofar gida, tayarta ta zama guga da takalmi, kujerarta ta koma gaban mai shayi. Malam Garba ya jawo wani gilas daga cikin wata matacciyar kamyo da ke kwance bayan garejin, ya goge shi da hannun riga, ya nuna wa Kawu wani ɗan abu manne a kusurwarsa ta sama, kamar tambarin wasiƙa, da sirarun zane a ciki irin na lalle. Ya ce har da pis ɗinsa, kyauta. Kawu ya ji daɗi, ya ce dama yana tunanin yadda zai ɓamɓaro na tsohon. Ni ina zaune a inuwa Raki na cinyata, na ga an jingine tsohon gilas da bango. Ban sa abin a rai ba.

Muka wuce Tawa, muka wuce Dosso. A kowane shinge Kawu ya miƙo hannu in ba shi ledata, ya haɗa da takardun mota ya sauka, ya dawo ya miƙo mini. Haka ake yi, fasinja ba ya sauka, balle mace. Ƙasa ta fara canza kala, itatuwa suka fara haɗa kai. Ina ta faɗa wa Raki abin da nake gani, tana cewa in ƙara. Watan Sha'aban sabo ne a lokacin, siriri, na yi lissafi na ga muna da sarari.

Bayan mun ƙetare iyaka ta ƙarshe akwai wani babban fili da ake tara manyan motoci. Ƙofar fita ɗaya ce, da sandar ƙarfe a gicciye, bisa kanta kuma wani farin akwati mai faɗin faranti yana kallon hanya. Motocin gabanmu suna isa sandar sai ta ɗaga da kanta. Mu da muka isa sai wata jar fitila ta kama, wani abu ya shiga kuka. Wani matashi mai kaki ya fito daga ɗan ɗakin da ke gefe, ya dubi lambar motar, ya koma ya dubi ordinatarsa, ya sake fitowa da wasu biyu. Kawu ya miƙo hannu kamar kullum, na ba shi ledata. Ban sake riƙe ta ba sai da wata ya kusa mutuwa.

Aka sa Kawu ya ja motar can ƙarshen fili, aka karɓe makulli. Takardunmu duka, da nawa da na motar, aka zuba su cikin ambulan guda aka kulle a kabad ɗin shef, shugaban masu kakin. Faransancin Kawu na hanya ne: gaisuwa, nawa ne, yi haƙuri. Abin da ya iya tsinta shi ne wai lambar motarsa ta ƙarya ce. Ya yi ta rantsuwa, ya shiga ƙarƙashin mota da tsumma ya goge lambar jikin ƙarfe ya nuna musu. Suka ɗaga kafaɗa.

Nan wani mutum ya same mu, ana ce mishi Ɗan Zango. Hausa a bakinsa kamar ta Konni, riga fes, turare, waya biyu. Na ji Hausa a wurin da ban zata ba, saura kaɗan in yi kuka. Ya ce mini ƙanwata, ya shafa kan Raki, ya ce shi ma yana da ɗiya kamarta. Shi ya zama bakinmu. Kullum da safe ya shiga ofis da Kawu, ya yi magana mai tsawo, a ba shi amsa mai tsawo, ya juyo ya ce wa Kawu an ce gobe. Kullum kuma ya tafi da buhun albasa, wai na shef.

Na roƙe shi ko katina kaɗai da takardar asibiti ya fitar mini, in hau bas in yi gaba, don ba kati ba inda zan wuce. Kamar mai tausayi ya ce abu ne mai wuya amma akwai wanda ke riƙe da makullin kabad, sai dai ba a zuwa wurinsa hannu sake. Idonsa na kan wuyana. Sarƙar azurfa ce da Inna, uwata, ta sa maƙeri ya ƙera mini lokacin aurena. Na cire na ba shi. Washegari ya ce mai makullin ya tafi jana'iza. Bayan nan ya ce an canza kabad.

A bayan motar muke kwana ni da Raki, ƙarƙashin tampol, Kawu kuma a gindin taya. Zafin wurin ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, wanki ba ya bushewa. Albasa ta fara zufa, sannan ta fara wari, sannan ruwa baƙi ya fara ɗiga daga ƙasan motar. Ƙudaje suka gano idon Raki. Yini nake ina kora da gefen mayafi. Ta daina tambayata abin da nake gani, sai dai ta ce yaushe za mu koma wurin Inna. Ni ma abin da ke raina ke nan. Na yi kewar iskar da ke busar da zufa, na yi kewar furar gero, har kukan awakin maƙwabta na yi kewa. Da magariba in ɗaga kai in ga wata ya ƙara ƙiba, azumi na matsowa.

Kusa da ƙofar akwai wata mai sayar da abinci, Mama Afi, babbar mace mai dariya da dukan jiki. Ba ta jin Hausa sai ta ciniki, ni kuma ba na jin yarenta ko kaɗan. Nijar take kirana. Ran da ta fara ganin idon Raki ta ajiye ludayi ta daɗe tana kallo, sannan ta jawo benci ta nuna mini. Daga ranar a rumfarta nake yini, ina yanka mata albasar Kawu da ba ta riga ta lalace ba, tana ba Raki koko da ƙosai. Ta tafasa ruwa ta huce shi ta ba ni tsumma mai tsabta in rinƙa goge mata ido.

Wanda ba shi da aiki sai kallo. Daga bencin nan ƙofar tana gabana. Na lura ba wanda ke duban lambar mota in dai sandar ta ɗaga. Wasu direbobin ko gilashin gefe ba su saukewa. Wata rana wata tanka ta zo sandar ta ƙi motsi, ba ja ba kore. Matashin nan mai kaki ya fito da wani abu a hannu kamar babbar waya, bai je wurin lamba ba, bai nemi takarda ba, ya taka matakala ya kanga abin a kusurwar gilas. Ya yi ƙara, sandar ta ɗaga. Na ga haka ya faru ga wata motar kuma. Na taɓa Mama Afi na nuna mata kusurwar gilas. Ta nuna farin akwatin, ta sa hannu a baki kamar mai kira. Ta nuna gilas, ta bugi ƙirjinta ta ce Afi. Ta sake nuna wata motar ta bugi ƙirji ta ce wani suna.

Sai na tuna bangon garejin Malam Garba.

Na samu Kawu yana zaune a inuwar taya yana tauna goron da ya bushe. Na durƙusa na ce, "Kawu, ɗan abin nan na jikin gilas, naka ne ko na motar da ta mutu?"

Ya ce pis pis ne, duk iri ɗaya ne, kamar takardar asirans, a ga dai kana da shi. Ya ce in koma in kula da yarinya, maganar mota ba ta mata ba ce. Na ce to. Ban kai rumfa ba na ji ya kira ni. Ya tashi tsaye yana kallon gilashin kamar yau ya fara ganinsa. Bai ce na yi gaskiya ba. Cewa ya yi Garba ya cuce shi.

A ranar bai jira Ɗan Zango ba. Mama Afi ta haɗa shi da wani direba Bazabarme mai cin abinci wurinta, Hamani, wanda ya yi karatu kuma yana jin Hausa. Suka shiga ofis tare, ni ina tsaye bakin taga. Ashe tun ranar farko matashin yake faɗar abu ɗaya. Akwatin nan yana aika kira ta iska kamar rediyo, ɗan abin da ke gilas ya amsa da sunan motar da aka yi wa rajista da shi. Namu yana amsa sunan wata kamyo da ta taɓa shigowa ƙasar da kaya, ba a ga fitarta ba, ana nemanta. Su a ganinsu ita ce ta dawo da sabuwar lamba da sabon fenti. Ya ce ya faɗa wa tafintanmu ya tambaye mu ko an taɓa canza gilas, ba sau ɗaya ba. Tafintan ya ce mishi mun ce a'a.

Ba mu sake ganin Ɗan Zango ba. Mama Afi ta ce, ta bakin Hamani, akwai wani filin a wata iyakar, can yake komawa in ya ƙoshi a nan.

Kawu ya ce to a ɓamɓare wannan a jefar. Aka ce laifi ne babba, kuma ba zai wanke shi ba. Ya ce a kira Garba ya yi shaida a waya. Aka ce murya ba shaida ba ce. Hoto fa? Akwatin ba ya jin hoto. Abin da zai fisshe mu ɗaya ne, a kawo pis ɗin motar na gaskiya, kuma yana manne a gilashinsa, don in aka ɓamɓare shi ya mutu.

Da aka kira Malam Garba ya ce shi ya ba wani mai shayi tsohon gilashin, ya ƙi ɗaukar waya daga nan. Ba mu da namiji a gida. Sai na yi wa Inna bokal. Inna uwata ce, tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ba ta taɓa taka gareji ba. Ta ɗauki sandarta ta tafi. Mai shayin ya ce ya kare murhunsa daga iska da shi kwana biyu, sai wata mata ta roƙa. Inna ta bi kwatance unguwa unguwa har ta samu gidan. Matar ta ɗora gilashin bisa bulo huɗu tana shanya tumatir a ƙarƙashi, don awaki da ƙura. Ta ce ba ta bayarwa, kauɗarta ba ta bushe ba. Inna ta aiko mini bokal tana haki, ina jin matar daga nesa tana cewa ita ba ta taɓa jin gilas mai suna ba. Inna ta zauna mata a tsakar gida ta ce ita ma ba ta tashi. Da la'asar matar ta karɓi babbar tasar wankin Inna ta saki gilas.

Na ce Inna ta duba kusurwa, ɗan abin yana nan? Ta ce yana nan, da 'ya'yan tumatir manne a kai, ko ta kankare? Na yi ihun da ya sa Mama Afi ta yar da faranti.

Inna ta naɗe shi da bargonta, ta ɗaure da igiyar raƙumi, ta ba wani mai albasa da ke zuwa kudu. Shi kuma motarsa ta lalace a hanya, ya ba wani. Wata ya cika, ya fara raguwa. Na daina kallon sama. Na daina gaishe da Kawu da safe, Allah Ya yafe mini, shi kuma ya daina magana gaba ɗaya, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Ya zubar da fiye da rabin kayansa a rami bayan fili.

Gilashin ya iso da hantsi. Da aka kwance bargon, ya ƙara tsagewa ta ko'ina, ya yi laushi kamar fatar da aka jiƙa, amma kusurwar tana nan. Matashin ya ce a kawo shi gaban akwati. Motar ba makulli, don haka Kawu ya kama gefe ɗaya, Hamani ya kama ɗayan, suka ɗaga shi daidai fuska suka nufi ƙofa a ƙafa, a hankali, kamar mota da aka cire wa jiki. Direbobi suka taso. Wani ya shiga yi musu kukan inji da baki, wani ya ce Kawu ya sa sigina, wani ya ce a duba birki tsohon ya yi lodi da yawa. Suna isa fitila ta yi kore, sandar ta ɗaga. Filin duka ya ɗauki dariya da tafi, har masu kaki. Mama Afi ta riƙe ciki.

Raki ta ja mayafina ta ce, "Umma, me ake wa dariya?"

Na ɗauke ta na rungume.

Ko a nan ba a sake mu ba. Shef ne zai sa hannu, ya tafi babban gari, sai bayan hutun ƙarshen mako. Da ya dawo ya buɗe kabad, ledata tana nan yadda na ɗaure ta, ba wanda ya ko kwance. Matashin ya miƙo mini da hannu biyu ya faɗi wata magana. Hamani ya ce haƙuri yake ba ni, wai shi aikinsa abin da na'ura ta faɗa. Duk Faransancin da na haddace yana bakina, ba ko ɗaya da ya dace da wurin. Mama Afi ta raka ni tasha, ta ɗaure mini ƙosai a leda, ta tofa wa Raki addu'a irin tasu a ka. Na karɓa.

Mun isa asibitin ana haɗa akwatuna. Wata likita mai furfura ta duba Raki da 'yar fitila, ta dubi ranar da ke jikin takardarmu, ta dube ni. Wata ma'aikaciya mai jin Hausa ta ce tana tambaya ina muka tsaya. Na ce a hanya. Me zan ce? Aka yi wa Raki aikin idon dama washegari. Na hagu ba lokaci, ranar tashin jirginsu ta riga ta tsaya. Likitar ta ce in dawo baɗi, kada in makara, don idon yaro in ya daɗe a rufe yana iya manta gani ko da an buɗe shi daga baya.

Mun dawo Agadas cikin azumi. Raki ta shiga gida ta kauce wa turmi da kanta, ta tsaya gaban Inna ta karkata kai kamar kaza, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ashe Inna haƙoranki ba su cika ba. Inna ta yi dariya har ta yi hawaye. Na gode Allah, ba na butulci. Amma kullum in na ga yarinyar nan tana juya fuska duka don ta ga abin da ke hagunta, sai in rasa wanda zan ɗora wa laifi. Garba ya ce kyauta ya yi. Kawu ya ce ba wanda ya taɓa gaya mishi, wanda ya manna mishi abin bara ko kallonsa bai yi ba. Matashin ya ce na'ura. Na'urar kuwa gaskiya ta faɗa, gilashin na waccan motar ne.

Kawu ya sayi sabon gilas a can, aka yi mishi sabon pis. Tsohon gilashinsa kuwa ya dawo da shi, yana ɗakin Inna bayan gado, ta ce ba mai taɓa shi tunda tasarta ya ci. Na ji labari har yanzu gilasan matattun motoci suna jingine a garejojin garin nan, kowane da ɗan abinsa a kusurwa.

Roƙona ga mai karanta wannan: in akwai direba a gidanku, ko maƙwabci, ko mai gyaran mota, ka karanta mishi da bakinka, don yawancinsu ba za su karanta ba. Ka ce mishi ɗan abin nan sunan mota ne, kada ya ɗauki na wata, kada ya jefar da nasa. In mace ce ke, za ki yi tafiya da yaro, ki sauka da kanki a shinge, takardunki a hannunki, ko za a ce ba ki da kunya. Sannan ku sa idon Raki na hagu cikin addu'a. Bayan Babbar Salla zan fara neman mota.